Daminar da Muka Ƙirga Baitoci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku ko da ba ku taɓa tambayata ba. Ana cewa a shekarar yunwa na yi yaji, na bar babanku ya tafi Kano da yaro ɗan shekara uku, ni kuwa na yi zamana a gidanmu. Zama dai na zauna. Amma ba yaji ba ne, ni da babanku, Allah ya jiƙansa, ko kallon banza ba mu yi wa juna ba a kan wannan. Waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Shekarar da soja suka fara karɓar mulki a Yamai ce. Muna zaune a Magariya, babanku yana ɗinki a wata rumfa bakin kasuwa. Fari ya yi shekaru yana bin juna, gyaɗar da ta riƙe garin ta daina yi, mutane suna sayar da tufafin jikinsu don su sayi hatsi, balle a yi maganar ɗinka sabo. Sai ya wuni a kan keke bai taka shi ba. Yayarsa, Gwaggo Hassu, tana aure a Kano, ita ta aiko cewa mu tattara mu zo, mijinta zai ba shi gefen shago. Babanku ya samo mana wuri a wani kamyo, babbar motar kaya, da zai tashi ranar kasuwa, ni kuma na nemi izini in je ƙauyenmu, can gabas da Dungas, in yi wa iyayena sallama. Na hau jaki da babban yayanku a gabana, da nufin in yi 'yan kwanaki in dawo.

Mahaifina malami ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Na tarar yanar ido ta gama rufe masa gani, haske da duhu kawai yake rarrabewa, ɗalibansa kuma yunwa ta watsa su, kowa ya koma inda zai sami abin kaiwa baki. 'Ya'ya maza ba su rayu masa ba, don haka ni ya zaunar a gabansa tun ina ƙarama ya koya mini karatu da rubutun ajami, har matan gari suna yi wa Inna tsiya wai an mai da 'yarta namiji. A cikin duk littattafansa akwai ɗaya da ya fi ji da shi. Wata doguwar waƙa ce da kakansa ya tsara, a ciki akwai wa'azi, akwai hukuncin salla da zakkar hatsi yadda manomi zai gane, akwai labarin yadda mutanenmu suka taso daga Barno da rijiyoyin da suka sauka a hanya. Malam ya kwafe ta da hannunsa tun yana saurayi, na asalin kuwa gara ta cinye tuntuni. Irin littattafan nan namu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a tsakanin fata biyu, a cikin gafaka. Ba a sa musu lamba. A gindin kowace warƙa ake rubuta kalmar da ta gaba za ta fara da ita, da haka ake gane jerinsu. A can ƙarshen waƙar kuma mai ita ya faɗi yawan baitocinta, dubu huɗu da arba'in.

Ina shirin komawa Magariya aka yi ruwan farko. Da la'asar ya sauko, irin wanda muka yi shekaru ba mu gani ba. Gari duka aka fito waje, tsofaffi suna tsaye a cikinsa suna ɗaga hannu, yara suna birgima a taɓo. Ni da Inna muna tare ruwa a tukwane muna dariya, sai muka ji wani ƙara daga bayanmu. Ɗakin karatun Malam ne. Shekarun farin nan babu wanda ya tuna da yaɓe, azara ɗaya ta ruɓe, rufin ya zubo a kan adakar littattafai ya fasa ta. Allah ya sa Malam yana zaure. Kafin maza su zo su janye ƙasa, ruwa ya kwashi warƙoƙi ya watsa a tsakar gida, wasu har sun bi magudana sun fita. Muka bi su muna tsinta a cikin taɓo har bakin titi. Littattafan larabci ba su dame shi ba sosai, ya ce akwai irinsu a hannun malamai ko'ina. Waƙar kakansa ce babu ita a wurin kowa. Ya sa aka kawo masa tulin a tabarma, ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu, sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Dije, ki duba mini. Ina so in san abin da ya rage."

Aikin farko shi ne raba warƙoƙin da suka manne, da bakin wuƙa, a hankali, a shanya su a inuwa. Tawadarmu ta ƙaro da baƙin tukunya ce, ba ta jure ruwa. Wasu shafuka sun fita lafiya, wasu rabinsu ya wanke, kuma mafi yawa gindinsu ne ya jiƙe, daidai inda kalmar jeri take. Ina cikin wannan babanku ya iso a kan basukur, don ranar tashin kamyo ta matso. Ya zauna da Malam a zaure, ina jin su ta bayan zana. Malam bai ambaci littafi ba ko sau ɗaya. Ya sa masa albarka, ya ce ya ɗauki iyalinsa su tafi, Allah ya buɗa musu. Da babanku ya shigo cikin gida na ja shi bayan rumbu, na gaya masa abin da Malam ya ƙi faɗa. Waƙar tana kansa, amma tsufa ya fara taɓa haddar. Idan aka karanta masa baiti zai kawo na gaba, shi kaɗai kuwa ba ya iya ɗauko ta daga farko. Abin da ruwa ya ci, daga bakinsa kawai za a iya mayar da shi, kuma a duk garin babu wanda ya rage mai iya karanta hannunsa sai ni. Babanku ya tambaye ni kwana nawa zai ɗauka, na ce ban sani ba. Ya dubi yayanku da ke zaune a ƙasa yana wasa da ɓawon goruba.

"To ki zauna, ban hana ki ba. Amma yaron nan ba zai zauna ba. Dubi ƙafafunsa, Dije. Gidan nan babu abin da zai ci."

Gaskiya ya faɗa. Ƙafafun sun zama kamar kara, cikin ya fito. A Kano akwai tuwo, akwai Gwaggo Hassu. Washegari da safe na yi masa wanka, na ɗaure masa 'yar rigarsa a ƙunshi, babanku ya ɗora shi a gaban basukur. Ya riƙe bakin zanena, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan fari ne, kun san al'adarmu, ko sunansa ba na kira, balle in yi kuka a kansa a gaban mutane. Na juya na koma cikin gida kafin su fita daga gari. Matan da ke tsaye a ƙofa suka ga fuskata a bushe, daga nan maganar ta samo asali, wai wadda ta iya wannan lalle akwai abin da ya haɗa ta da miji. Babu wadda ta biyo ni bayan rumbu ta ga yadda na wuni.

Da warƙoƙin suka bushe sai na fara ƙirga, don Malam ya ce kafin komai mu san yawan abin da ya ɓace. Ni a tunanina sai na ga komai a gabana zan iya. Na shimfiɗa tabarmi a ɗakin Inna, na baje warƙoƙi, ɗakin ya cika, na fito da saura tsakar gida na danne su da duwatsun murhu da takalma da ludayi. Ina bi da yatsa ina ƙirgawa a zuci. Sai in kai ɗari uku da wani abu, maƙwabciya ta yi sallama tana neman wuta, kafin in amsa lissafin ya tafi. In sake daga farko, in kai ɗari biyar, sai in ji kukan wani yaro a maƙwabta, zuciyata ta tafi Kano, in dawo ban san a warƙar da nake ba. Wata rana iska ta taso ta kwashi na tsakar gida, na bi su da gudu, na dawo na tarar akuyar Inna ta ci gefen guda. Duk lokacin da na kai ƙarshen tabarma ɗaya, adadin da zan samu daban yake da na jiya. Kaina ya riƙa sarawa, ina salla lambobi suna yawo a cikin karatuna. Ranar da na kai kusan dubu na sake ɓata, na zauna a tsakiyar takardun na fashe da kuka. Malam yana jingine a bakin ƙofa, ya bari na yi mai isata.

"Kanki a cike yake, Dije, yaronki yana ciki, yunwa tana ciki. Kin kuma ɗauko littafi duka kina so ki cusa. Tattara su ki mayar wuri ɗaya. Warƙa guda za ki riƙa ɗauka, kuma ba ke za ki riƙe lissafi ba."

Na tambaye shi to wa zai riƙe. Ya ɗaga carbinsa. 'Ya'yansa casa'in da tara ne, da dogon nan na ƙarshe ɗari ke nan. Ya ce in karanta baiti a bayyane, shi kuma ya ja ɗan carbi ɗaya. Baitin da ya wanke har ba ya karantuwa, in tsallake shi, ba ya cikin lissafi. Inna da ke gefe tana gyaran tafasa ta ce to idan carbin ya zagayo fa, wa zai tuna zagaye nawa aka yi, tunda shi ma Malam ɗin mantuwa yake yi. Malam ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko tun faɗuwar ɗakin, ya ce ai ga aikinta nan ta samo wa kanta. Aka fara shawarar wake, Inna ta ce a wannan shekara ba za a yi wasa da abin da za a iya dafawa ba. Sai ta ɗebo ƙwallayen magarya, waɗanda suka cika tsakar gida saboda ita muke tsotsa mu kashe yunwa. Duk zagaye ɗaya na carbi, ta jefa ƙwallo ɗaya a wani ƙaramin tulu mai ƙunƙuntar baki, ta toshe da tsumma.

Haka muka yi, kuma tun ranar farko na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Tulin warƙoƙi yana hannuna na dama a cikin kwando a rufe. In ɗauko guda, in karanta ciki da baya, in sa ta a gafaka ta hagu, ba ta sake fitowa. Warƙa ɗaya ce kawai a waje, iska ba ta da abin ɗauka, akuya ba ta da abin ci. Idan aka yi sallama ko aka kira salla, Malam ya ɗaura zare a ɗan carbin da ya tsaya, mu tashi hankali kwance, ko kwana uku za mu yi ba mu koma ba lissafi yana nan inda muka bar shi. A watannin nan da gaɓoɓin yatsunsa yake tasbihi, carbin yana rataye a ƙusa yana jiran aiki. Ni kuwa da aka ɗauke mini lambobi sai na fara jin abin da nake karantawa. Tun ina yarinya nake jin waƙar nan, amma a lokacin ne na san me take cewa.

Shekarun baya jikata Rabi, wadda take aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ta zo hutu tana ƙorafi wai an ba ta wani rubutu mai layuka ba iyaka ta ƙirga, duk lokacin da ta sa na'urar ta buɗe shi gaba ɗaya sai ƙwaƙwalwarta ta cika ta tsaya cak. Ta ce sai da ta sa ta riƙa ɗaukar layi ɗaya, ta ƙara ɗaya a lissafi, ta saki, ta ɗauki na gaba, sannan aikin ya yi. Na yi dariya har na ƙware, ta rasa abin da ya ba ni dariya.

Aikin bai yi sauri ba. Da safe ni da Inna muna gona, don mun sami ɗan iri a wurin maƙwabta mun shuka, sannan mu bi daji neman tafasa da yaɗiya. Ranar da aka raba jar dawar agaji a Dungas sai mu wuni a layi. Bayan azahar ne muke zama, kuma wata rana Malam ba ya iya ko zaman, sai mu haƙura. Daga Kano saƙo yana zuwa ta hannun wani direba da ke sauke kaya a Dungas: 'yar dawa a ƙunshi, wani lokaci sukari, da gaisuwa, da cewa yaro yana lafiya ya fara ƙiba. Ko sau ɗaya babanku bai aiko yana tambayar yaushe zan zo ba. Sai da na manyanta na gane nauyin wannan shirun nasa, yana baƙon gari, yana kwana a shagon mutane, dangi suna ce masa ya je ya ɗauko matarsa ko ya san abin da zai yi.

Gero ya fara fitar da kai ranar da kwandon ya ƙare. Inna ta zazzage tulun a faifai, ƙwallo talatin da tara, zaren carbi kuma yana kusa da farko. Abin da ya ɓace baiti ɗari da talatin ne da 'yan kai. Malam ya sa aka maimaita masa, sannan ya kifa fuskarsa a tafukansa yana hamdala. Ashe duk watannin nan a zuciyarsa ya ɗauka rabi ya tafi, bai dai faɗa ba.

Daga nan muka shiga jerawa. In karanta baitin ƙarshe na warƙa, ya kawo na gaba, in nemo wadda ta fara da shi. Inda aka rasa, ya faɗa in rubuta a sabuwar takarda da tawadar da Inna ta dafa mana, shi kuma ya ja carbi. A nan ne ƙirgan ya yi mana rana, domin wani lokaci sai ya yi tsalle daga wani baiti zuwa mai kama da shi a can gaba, ya ce ai nan babu giɓi. Amma carbi yana nuna da saura, sai mu koma mu sake bi har mu gano wurin. Wata rana baitoci goma su zo masa a jere yana rera su da muryar da na sani tun ina ƙarama, wata rana mu wuni ko ɗaya bai zo ba. A ƙarshe ashirin da wani abu suka ƙi dawowa, yawancinsu a wajen labarin rijiyoyi. Na ce masa tunda ya san ma'anar, ya tsara wasu a madadinsu, babu wanda zai gane.

"Ki bar wurin fari, daidai yawan layukan. Kada ki cike da naki, kada ki cike da nawa. Wanda ya karanta ya san a nan an yi rashi."

Littafin yana cikin adakata, idan kun buɗe za ku ga wuraren. Malam ya ga kaka, ya sha furar sabon gero, ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba. Sanyi na shigowa ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyata. Na gode wa Allah da ya sa ina wurin. Bayan sadakar arba'in ƙanen Inna ya zo daga Guci ya tafi da ita, ni kuma na bi direban nan zuwa Kano.

Babanku ya tarye ni a tasha, ya karɓi ƙunshina, ya yi mini ta'aziyya, ya tambaya ko an gama aikin. Na ce an gama. Ya ce madalla. Da muka shiga gidan Gwaggo Hassu na ga wani yaro kumatu cike, da sabuwar riga, yana bin kaji. Da ya gan ni ya tsaya, ya ruga ya ɓuya a bayan zanenta, ya leƙo yana cewa, "Inna, baƙuwa." Abin da zaman nan ya ci mini ke nan, kuma ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Har Gwaggo ta bar duniya ita yake kira Inna, ban kuwa taɓa neman ya canza ba, don ta ci sunan.

Gwaggo Hassu ba ta taɓa haihuwa ba. Yaron nan ya zo mata ƙashi da fata, ta yi jinyarsa, ta goya shi, yana kwana a jikinta. Da ta so riƙe shi, babu wanda zai ce mata don me, ni kaina ba ni da bakin magana. Amma kwana biyu da zuwana ta wayi gari ta ɗaure hannunta na dama da tsumma, ta ce sanyin ƙashi ya kama ta, ba ta iya ɗaga komai. Wankan yaro ya dawo kaina, da ba shi abinci, da wanke masa riga. Idan ya kawo mata kuka ta ce hannunta na ciwo, ya je wurin baƙuwa. Idan ta sayi ƙosai sai ta ba ni a ɓoye, ta ce masa ita ba ta da komai, ya tambayi baƙuwa ko tana da shi. Da farko yana ƙin wankan, yana ihu yana kiranta, ita kuwa ta shige ɗaki ta saki labule. A hankali ya fara zama kusa da ni, ya fara taɓa awarwarona, ya fara yin barci a tabarmata da rana.

Wata safiya yana gudu a tsakar gida ya yi tuntuɓe da bakin murhu, gwiwarsa ta fashe. Gwaggo tana tsaye kusa da shi a bakin turmi, ni ina can nesa wajen randa. Ya tashi yana kuka, ya wuce ta gabanta, ya zo ya faɗa jikina. Na rungume shi, na ɗago kai na dube ta. Ta daɗe tana kallonmu, idanunta sun kawo ruwa. Sannan ta kwance tsumman ta jefar a gefe, ta ɗauki taɓarya da hannun nan, ta ci gaba da dakanta.